Wa Ke Biyan Kuɗin Hayaƙin? Daga Ƙofar Rini Zuwa Bagega

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba.

Yau daga ƙofar gidanmu zan fara, nan Ƙofar Rini cikin garin Sakkwato. Akwai wani maƙwabcinmu mai shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi. Mutumin kirki ne wallahi, ba mu taɓa sa-in-sa da shi ba. Amma da an ɗauke wuta zai tada janareta, kuma salansar injin tana fuskantar tagar ɗakin da matar yayana ke kwana da 'ya'yanta. A hunturun da ya wuce ƙaramin, ɗan wata tara, ya yi ta tari, ƙirjinsa na ƙugi kamar an sa mage a ciki. Sau biyu ana kai shi asibiti. Da yayana ya zauna ya haɗa kuɗin magani da na keke napep da kwanakin da bai fita kasuwa ba, sai ya ce min, "Ƙanena, ni fa ban da janareta, amma ni ke biyan kuɗin janareta."

Wannan maganar ita ce shirinmu na yau. Yayana bai taɓa shiga ajin ilimin tattalin arziki ba, amma abin da ya faɗa shi ne wani Bature ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya rubuta littafi a kai a 1920. Pigou ya ce akwai cinikin da mutum biyu ke yi, su shirya, kowa ya ji daɗi, amma wani na uku da ba a shawarce shi ba ya kwashi asara. Mai shago ya sayi fetur, mai waya ya biya kuɗin caji, ciniki ya ƙare. Huhun jaririn bai shiga lissafi ba. Mu Hausawa mun daɗe da sanin abin, shi ya sa muke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma tun da mai hayaƙin ba shi ke biyan kuɗin maganin ba, ba abin da zai sa ya rage. Ba mugunta ba ce. Farashin ne ya yi masa ƙarya, ya nuna masa abin ya fi araha fiye da yadda yake.

To amma wani zai ce, tsaya malam, ta ina ka san janareta ne? Lokacin sanyi ne fa, yara da yawa na tari. Gaskiya ne, kuma ni ma ba zan rantse ba. Wannan ita ce babbar matsalar masu bincike. In ka je unguwar da hayaƙi ya fi yawa ka ga yara sun fi ciwo, ba za ka ce hayaƙin ne kai tsaye ba, domin galibi talakawa ne ke zama a irin wuraren, su ne kuma ba su da abinci mai kyau, ba su da ruwa mai tsabta, asibiti ya yi musu nisa. Wanne ne a ciki ya kayar da yaron? Kuma ba ka da ikon ka raba jarirai gida biyu ka busa wa rabi hayaƙi don gwaji.

Dabarar da masana tattalin arziki suka kawo ita ce su nemi inda duniya da kanta ta yi musu gwajin. Misali a Amurka, a jihohin New Jersey da Pennsylvania, akwai shingayen karɓar kuɗin hanya inda motoci ke yin dogon layi suna fitar da hayaƙi. Sai aka kawo na'urar da ke cire kuɗin ba sai mota ta tsaya ba. Janet Currie da Reed Walker suka duba matan da ke zaune cikin kilomita 2 daga shingayen, kafin na'urar da bayanta, suka kwatanta su da matan da ke bakin manyan hanyoyin amma nesa da shinge. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna haihuwar bakwaini ta ragu da kusan kashi 11 cikin 100, haihuwar jarirai marasa nauyi ta ragu da kusan kashi 12. Ba wanda ya ƙara wa matan nan albashi, ba a gina musu sabon asibiti ba. Layin motoci kawai ya watse.

A ƙasar Sin kuma, daga shekarun 1950 gwamnati ta riƙa ba mutanen da ke arewa da kogin Huai gawayin kwal kyauta don ɗumama ɗaki, na kudu da kogin ba a ba su. Kun ga kyauta ce, niyya mai kyau. Amma garuruwan da ke tsallake ɗaya suka cika da hayaƙi. A 2013 Michael Greenstone da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa hayaƙin ya rage wa mutanen arewa shekara biyar da rabi na rayuwa. A 2017 suka samu bayanai mafi inganci, suka sake lissafi, suka ce a'a, kusan shekara uku ne. Ina son wannan ɓangaren, domin yana nuna maka mutanen da ke iya gyara maganarsu. Amma shekara uku ma ba wasa ba ce, a tambayi wanda ya rasa mahaifinsa.

Yanzu mu dawo gida. Hazon da ke rufe mu duk hunturu, wanda ke sa ka tsaya bakin titi ka kasa hango ƙarshen layi, kaso mai yawa daga wuri guda yake tasowa: wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tada ƙura. Wata shekarar iska ta kwaso da yawa, wata shekarar kaɗan, kuma iska ba ta tambayar ko kai mai kuɗi ne. Wannan ya ba Sam Heft-Neal da Marshall Burke na jami'ar Stanford da abokansu damar yin irin wancan gwajin. Suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya a Afirka, suka buga a 2020 cewa in ƙurar nan mai laushi, wadda ake kira PM2.5, ta ƙaru da maikrogiram 10 a kowace kubik mita ta iska a tsawon shekara, mutuwar jarirai na ƙaruwa da kusan kashi 24 cikin 100. Har suka kawo wata shawara da na yi dariya da na fara jin ta: wai a kafa famfuna masu aiki da hasken rana a riƙa jiƙa ƙasar Bodele. Sun lissafa cewa in ya yi aiki, dala 24 za ta ceci shekara guda ta rayuwa. Ban san ranar da za a je a yi wa hamada ban-ruwa ba, amma lissafin ya nuna mini cewa abin da muke ɗauka yanayi ne kawai, a rufe hanci da rawani a wuce, yana cin jarirai.

Amma labarin da ya fi tsaya min a rai ba na iska ba ne. Na ƙasa ne, kuma a maƙwabtanmu ya faru, a Zamfara, wadda har zuwa 1996 jiha ɗaya muke da su.

Labarin ya fara ne a kasuwar da mutanen ƙauyukan ba su taɓa gani ba. A 2005 ana sayar da zinariya a kasuwar duniya ƙasa da dala 500 kowace oza. Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, masu kuɗi suka ruga suna ɓoye dukiyarsu cikin zinariya, farashi ya haura dala 1,000, a 2010 ya wuce 1,200. Manomi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ya ga dutsen da ke bayan garinsu ya fi gonar gero kawo kuɗi. Ni dai ban ga laifinsa ba. Sai maza suka riƙa haƙo dutsen suna kawowa cikin gida, ana fasawa, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ba su sani ba, dutsen cike yake da dalma.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya tafi. An yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, an ba da magani, bai yi ba. Sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce. Da masu binciken hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku tsaya ku ƙirga yaran layinku, ku cire ɗaya daga kowane huɗu. Cikin waɗanda suka rage aka gwada, kashi 97 cikin 100 dalmar jininsu ta kai matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba, wato 45 a ma'aunin da ake amfani da shi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa daga 5 ma a tashi a nemo inda gubar ke fitowa. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta haura 100,000 a ma'aunin da Amurka a lokacin ta ƙayyade 400 ga wurin wasan yara. Jimillar yaran da suka rasu ta haura 400.

Ga inda tattalin arziki ya shigo da ƙarfinsa. Maganin yana nan, ana sha ya kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Amma ba shi da amfani in yaron zai koma ya zauna kan ƙasar da ta ba shi gubar. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe an binne a rami na musamman, an kawo sabuwar ƙasa an zuba. Gida-gida, da shebur da baro. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, da taimakon wani kamfanin injiniyoyin muhalli mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Sai aka zo kan Bagega, wadda ta fi su girma, kuɗi suka ƙare. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Watanni suka yi ta wucewa, yara kusan 1,500 na jira, likitoci na nan amma ba halin fara magani. Sai da matasa suka tada ƙura a intanet da kamfen ɗin ceto Bagega, wanda 'yan Follow The Money su Hamzat Lawal suka ja, ƙungiyar Human Rights Watch ma ta matsa, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin. Masu cewa rubutu a waya ba ya canza komai, ga amsarku nan, ko da yake ba kullum ake dacewa haka ba.

MSF ta ci gaba da jinyar yaran har 2022 kafin ta miƙa aikin ga hukumomi. Shekara kusan goma sha biyu. Yanzu ku ɗora wannan a sikeli: kuɗin kankare ƙasa, kuɗin magani na shekaru, ga rayuka sama da 400. A ɗaya ɓangaren kuma ku ɗora abin da zai hana faruwar abin tun farko, wato a san akwai dalma a dutsen, a ware wurin niƙa a bayan gari, mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida. Zinariyar ta tafi, an saye ta a farashin duniya, wata amarya a wata ƙasa ta sa a wuya. Ko kwabo na kuɗin jinyar ba ya cikin farashin sarƙar.

Kuma waɗanda suka rasu su ne ɓangaren da ake iya gani. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Yaro zai tashi lafiya lau a ido, amma karatu na yi masa wuya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Masu bincike na auna yawan kaifin basirar da ake rasawa, su lissafa abin da hakan ke rage wa mutum na samu tsawon rayuwarsa. Da wannan hanyar Teresa Attina da Leonardo Trasande suka ƙiyasta a 2013 cewa gubar dalma a jikin yara na jawo wa Afirka asarar kusan dala biliyan 135 a shekara, kimanin kashi 4 cikin 100 na duk abin da nahiyar ke samarwa. Na san wasu za su ji wani iri, a ce ana sa wa basirar yaro farashi. Ni ma na ji. Amma na lura a teburin da ake raba kasafin kuɗi, abin da ba shi da lamba ana ɗaukarsa sifili ne. Gara a sa masa lamba ko da ba cikakkiya ba ce.

To mene ne ke aiki? A nan binciken ya fi ba ni mamaki, domin ba kowace doka mai daɗin ji ke haifar da ɗa mai ido ba.

Cire dalma daga fetur ya yi aiki. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur ɗin zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Ya yi sauƙi ne saboda matatun mai da masu shigo da shi 'yan kaɗan ne, in ka kama su ka kama kowa, direba bai ma san an canza komai ba. A Bangaladash kuma an gano 'yan kasuwa na zuba wani launi mai dalma a cikin kurkum don ya yi rawaya shar. Hukuma ta fita kasuwa da na'urar gwaji a hannu, aka ci tarar wasu a bainar jama'a, aka yi ta shela. Daga 2019 zuwa 2021 kurkum mai gubar a kasuwannin da aka gwada ya sauko daga kashi 47 cikin 100 zuwa babu.

Amma ku ji na murhu. A jihar Odisha ta Indiya an raba wa gidaje murhun zamani mai rage hayaƙin itace. A ɗakin gwaji murhun ba shi da laifi. Rema Hanna da Esther Duflo da Greenstone suka bi gidajen shekara huɗu, suka tarar hayaƙin ya ɗan ragu a shekarar farko, daga nan shiru, lafiya kuma ba ta canza ba. Murhun na buƙatar gyara da shara, matan kuma ga aiki ya yi musu yawa, sai suka koma wa na gargajiya. Duk wanda ya taɓa ganin an raba kaya a unguwa an ɗauki hoto an tafi, ya san wannan labarin.

Haka batun hana haƙar ma'adinai. Gwamnatin tarayya ta haramta shi a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage a ƙarshen 2024. Ni a nawa ganin, in dai batun guba ake, haramci kaɗai ba zai yi ba. Mutumin da dutsen nan ne abincinsa ba zai daina ba, ɓoyewa zai yi, kuma ina ya fi sauƙin ɓoyewa in ba cikin gida ba, inda yaran suke? Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da aka yi a Shikira ta jihar Neja, inda irin wannan gubar ta kashe yara 28 a 2015. A can MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka zauna da masu haƙar, aka sa feshin ruwa a wurin niƙa don ƙura ta kwanta, aka yi wurin wanka da sauya tufafi. Dalmar da ke cikin iskar wurin ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, ta jinin ma'aikatan ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba a raba kowa da sana'arsa ba.

Kada wani a Sakkwato ya ce ai mu ba mu da ramin zinariya a tsakar gida. Batiran sola da na mota da suka mutu, waɗanda 'yan gwangwan ke saye, dalma ce a cikinsu, kuma in ana fasa su ko narka su a cikin unguwa, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Sai kwalli. Na san zan taɓo iyayenmu mata, a yi min afuwa. Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan galibi dutsen dalma ne. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar kwallin da ake sa masa ne, da aka gwada shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba ta ido take shiga sosai ba. Yaro ya murza ido, ya sa hannu a baki, shi ke nan. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Mi kake faɗi haka, ɗan nan? Da shi munka rene ku." Na ce, "Haka ne Inna, Allah ya saka da alheri, amma ko don jikokinki a bar sa wa jarirai." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na dai lura tandun ya bar kan taga.

Batun janareta kuwa, Pigou zai ce a sa wa mai hayaƙi haraji daidai da ɓarnarsa. Wani masanin, Ronald Coase, ya zo a 1960 ya ce in mutanen kaɗan ne kuma suna iya zama su yi magana, sau da yawa za su sasanta da kansu. Hayaƙin gari guda ko ƙurar Bodele ba su sasantuwa a zaure, sai hukuma. Amma namu na mutum biyu ne. Bayan sallar isha'i yayana ya samu maƙwabcin ya ce, "Malam, wata alfarma na zo nema." Ya nuna masa takardun asibitin. Mutumin ya yi shiru, ya ce wallahi bai taɓa kawo abin a ransa ba. Washegari aka kira mai walda ya ƙara wa salansar dogon bututu ya miƙe sama ya wuce rufin, aka matsar da injin ɗaya gefen shagon. Su biyun suka raba kuɗin aikin, kuma bai kai abin da aka kashe a zuwa asibiti sau ɗaya ba. Tarin yaron ya yi sauƙi, amma a daidai lokacin hunturu ma ya wuce, don haka ba zan ce muku bututun ne ba. Sai wani hunturun ya zo mu gani.

Nan za mu dakata. Wanda ke zaune kusa da inda ake fasa batir, ko wanda ya fito daga yankin Anka ko Bukkuyum ya ga abin nan da idonsa, ina son jin ta bakinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida mutan gida.